Ranar Jarrabawa a Dawanau

Ƙarfe takwas na zauna, na buɗe biro,
Wuta ta tafi tun asuba, fanka ta yi shiru.
Ɗalibai bakwai a benci, kowa da farar riga,
Leɓe na motsi kamar masu tilawa,
Babu wanda ya karya, cikinsu bai karɓa ba.

Majinyacinmu Tanimu, tela ne daga Fagge.
Ya haɗe labulen ɗaki da zanen matarsa,
Wai Dutsen Dala zai yi wa riga, ya gama awo da ido.
Magana na zuba kamar famfon da ya ɓalle,
Ƙaninsa na gefe, ya haɗa kai da gwiwa,
Kwana tara ke nan idon bai ga barci ba.

Huzaifa ya fara shiga, takalmi na ƙara.
Minti uku, ya kira sunan ciwon da Turanci,
Ya jero magani, ya jero awo, ya dube ni.
Na ce, ta wace hanya ka iso nan?
Ya ce, haka yake a shafi na arba'in.
Na ce, ɗana, shafin nan bai kwana a Fagge ba.

Ka iso tasha, na yarda,
Amma barci ka yi a mota.
Gobe in aka sauke ka a Kurna da dare,
Ina za ka dosa, tunda ba ka ga hanya ba?

Biyar suka biyo, sawu a kan sawu.
Kama da wane ba ta wane,
Na sha faɗa a aji har maƙogwaro ya bushe,
Sun rubuta a littafi, bai sauka a kunne ba.

Rumasa'u ce ta ƙarshe, mai in'ina.
Ta ja kujera, ta gaishe shi, ta yi shiru.
Ta dubi fuskar da ta cika kamar wata daren sha huɗu,
Ta dubi yadda yake dafa gwiwa in zai miƙe.
Ta ce, Baba, gwiwar nan, me kake sha mata?
Ya laluba aljihu, ya zaro ƙullin leda,
Ƙwayoyi farare, na mai talla a bakin Sabon Gari,
Sati uku yana haɗiya, ko suna bai tambaya ba.

Ta juyo gare ni, hannu na rawa.
Malam, abu uku nake zargi.
Ko ledar nan ce, ko ciwon na kansa ne,
Ko wani zazzaɓi ya haura sama.
A auna jini, a nemo matarsa, a ɗauke almakashi.
Ruwa ba ya tsami banza,
Amma wanne ne, tukuna ban sani ba.

Na dubi takardar maki, gida goma a jere:
Gidan gaisuwa, gidan tarihi, gidan sunan ciwo.
Shirun da ta yi kafin ta buɗe baki,
Na duba sama da ƙasa, ba a yi masa gida ba.

Shekara talatin baya, ni ne Huzaifa.
Wata mata daga Gwammaja tana sambatu,
Na ce taɓin hankali ne, na rubuta, na tafi masallaci.
Sanƙarau ne. Ba ta kai Juma'a ba.
Har yau in na ɗauki biro ina jin nauyinta,
Wannan darasi ban taɓa sa shi a allo ba.

Na ba Rumasa'u abin da takarda ta iya ɗauka.
Huzaifa ma ya haye, lissafi ya ba shi,
Na rubuta a gefe: ka same ni Litinin.

Ina tattara takardu Tanimu ya matso,
Ya auna kafaɗata da taƙi, ya girgiza kai.
Likita, wa ya ɗinka maka rigar nan?
Yanka ya yi kawai, bai tsaya ya auna ba.